Yaran Yanzu Ba Sa Son Aiki? To, Wa Ya Koya Musu?

Akwai wata magana da ta zama goron bakin masu gida a Zangon Kumasi. Za ka ji ta a majalisar bayan la'asar a Aboabo, za ka ji ta a wurin ɗaurin aure a Asawase, za ka ji ta daga mai shagon atamfa a Kejetia da mai makarantar kuɗi a Sawaba da mai gidan rediyo: "Yaran yanzu ba sa son aiki. Ka ɗauke su yau, kafin wata uku sun gudu." Da an faɗa sai a gyaɗa kai, a ce Allah ya shirya, a wuce zuwa zancen ƙwallo. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma masu faɗinta nake tuhuma. Yawancin yaran nan da ake cewa sun gudu, korar su aka yi tun ranar da suka fara aiki, sai dai kora ce irin ta kare da hali, wadda ba a furta ta da baki.

Zan kafa hujja da gidan rediyo domin nan ce sana'ata. Amma mai kemis da mai gidan burodi da mai makaranta, kowa ya cire kalmar makirufo ya sa kayan aikinsa a gurbinta, zai ga hoton shagonsa.

Mu fara da yadda ake ɗauka. Alhaji mai gidan rediyo ya je wurin suna, wani amininsa ya ja shi gefe ya ce, "Ga ɗan wajena nan, yana zaune ba ya komai, kuma yana da baki." Ko wani ɗan jam'iyya ya bugo waya, abin nan da muke kira furotokol a Ghana, wato gurbin da ake ware wa na manya. Alhaji ya dubi yaro ya ce, "Ka zo ranar Litinin." Shi ke nan, an ɗauki ma'aikaci. Ba a sanar da gurbi ba, ba a zauna da shi an ji abin da ya iya ba, ba a gwada muryarsa ba, ba wanda ya miƙa masa labari layi goma na Turanci ya ce mayar mini da wannan Hausa in gani. A daidai wannan lokacin, takardar neman aikin wata yarinya da ta gama difloma tana cikin durowar manaja, kyankyasai na kwana a kanta.

Kada a ce ina cewa sai mai takardar makaranta ne zai yi magana a rediyo. Cikin gwanayen da muka taso muna saurare akwai waɗanda ba su taɓa shiga ajin koyon aikin jarida ba. Gwaji nake nema, kowa ya bi ta ƙofa ɗaya. Kuma wanda irin wannan ɗauka ta fi cuta shi ne yaron da aka yi wa alfarmar. Shi kansa bai san don me aka ɗauke shi ba. Abokan aiki na yi masa kallon kunnen Alhaji, in ya shigo a canza zance. Manaja na tsoron yi masa gyara kada magana ta koma sama. Ya shiga gidan da kowa ke gaishe shi amma ba mai gaya masa gaskiya.

Litinin ta zo. Yaro ya goge kaftani, ya hau trotro tun da sassafe. Mai gadi bai san da zuwansa ba. Manaja ma sai da ya buga wa Alhaji waya kafin ya ce, "To, samu wuri ka zauna." Wurin zaman kuwa benci ne a baranda. Ba a zagaya da shi an ce ga ɗakin labarai, ga injiniya, ga wanda za ka tambaya in ka rikice ba. Ba a faɗa masa ƙarfe nawa ake zuwa, ƙarfe nawa ake tashi, wane ne shugabansa, nawa za a biya shi, yaushe za a biya shi ba. In ya yi ƙarfin hali ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Kai dai ka riƙa kallo, za ka gane." Kwana uku yana kallo. Ran na huɗu mai shirin safe bai zo ba, ko ruwa ya tare shi ko ya yi fushi kan albashi, sai a leƙo baranda a ce, "Kai, shiga ka riƙe mana." A ɗora masa abin sauraro a kunne, jan fitila ya kama, Zango duka na jin numfashinsa.

Mai karatu, tsaya ka ga abin da aka damƙa wa yaron nan a hannu.

An damƙa masa fassara. Labaran ƙasar nan da Turanci suke zuwa, mai gabatarwa ne ke juya su zuwa Hausa, sau da yawa nan take yana kallon wayarsa. A Turancin kotu, wanda ake zargi daban, wanda aka gurfanar daban, wanda aka ajiye a gidan waƙafi kafin shari'a daban, wanda aka samu da laifi daban. Yaron da ba a koya wa wannan ba zai haɗa su duka ya ce "an ɗaure ɓarawo". Mutumin da ya kira ɓarawo yana da mata da 'ya'ya a Yalwa, gobe kuma kotu na iya sallamarsa. Ko lissafin kuɗi ma tarko ne. Tun Yulin 2007 aka canza kuɗin ƙasar nan, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau iyayenmu a kasuwa in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Mai karanta labarin kasafin kuɗi da bai san ya fayyace wane miliyan yake nufi ba, ya bar rabin masu sauraronsa da lissafin da ya kauce sau dubu goma. Wannan darasin minti biyar ne. Ba wanda ya ba shi minti biyar ɗin.

An damƙa masa doka, wadda bai san da ita ba amma ita ta san da shi. Gaskiya ne an soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001, zamanin Shugaba Kufuor, sai wasu suka ɗauka an buɗe ƙofa kowa ya faɗi son ransa. Ƙarar neman diyya tana nan, laifin raina kotu yana nan. A 2013, lokacin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta ɗaure ɗan jarida Ken Kuranchie kwana 10. A Yulin 2016 kotun ta yanke wa Salifu Maase, wanda aka fi sani da Mugabe, mai gabatar da shiri a Montie FM ta Accra, ɗaurin wata huɗu tare da baƙinsa biyu, saboda kalaman barazana ga alƙalai da aka yi a cikin shirinsa. Masu gidan rediyon tara aka ci su, suka koma gida suka kwana. Mai riƙe da makirufo shi ya kwana a kurkuku, har sai da Shugaba Mahama ya sassauta musu hukuncin a watan Agusta. Wannan fa mutum ne da ya daɗe a harkar. To ina ga yaron da kwanansa huɗu, wanda ba a taɓa nuna masa maɓallin da ake katse mai kiran waya da shi ba, balle a gaya masa cewa abin da baƙonsa ya furta a shirinsa na iya hawa wuyansa?

An damƙa masa tallar magani. Kowa ya san masu maganin gargajiya na cikin masu riƙe da gidajen rediyonmu. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta ce sai Hukumar Abinci da Magunguna ta amince da talla kafin a watsa ta, kuma akwai cututtukan da aka hana a yi shelar cewa magani na warkar da su. Mai magani zai shigo da kwalbarsa da 'yar takarda, a ce wa sabon yaro karanta. Ya karanta da zaƙin murya cewa wannan na kawar da ciwon suga da hawan jini har abada. Wata Hajiya a Akwatia Line ta ji a bakin ɗan Zango ɗan'uwanta, da harshen da take mafarki da shi, ta ajiye ƙwayoyin da aka rubuta mata a asibitin Komfo Anokye. Alhakin wannan a wuyan wa yake?

Abin da ya fi duka nauyi, an damƙa masa zaman lafiyar unguwa. Zango gida ne na Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bafulatani da Bazabarme da Bayarabe, ga 'yan Tijjaniyya ga Ahlussunna, ga jam'iyyu biyu da ke kallon juna ido cikin ido, kuma dukanmu muna zaune a ƙasar Asante. Ba mu manta Fabrairun 2016 ba, lokacin da rikicin filin maƙabarta ya ɓarke a Old Tafo har aka rasa rai, aka sa dokar hana fita. A rana irin wannan, kalma ɗaya daga mai kiran waya ta isa ta fito da matasa kan titi. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta rufe gidajen rediyo huɗu a Bawku bisa dalilin tsaro. Magana zarar bunu ce. Mai gidan da ba zai ba sabon direba makullin motarsa ba sai ya zagaya da shi ya ga hannunsa, shi ne ke miƙa wa baƙon yaro abin da zai iya cinna wa gari wuta. Ranar da aka yi ɓarna kuma, a gaban jama'a za a ce, "Yaron ne, ba shi da hankali, mun sallame shi."

Sai batun kuɗi, inda rashin adalcin ya fi fitowa tsirara. Ana ce wa yaro yana "gwaji". Gwajin nan ba shi da ranar farawa a rubuce, ba shi da ranar ƙarewa. Na san wata baiwar Allah da ta shekara biyu tana karanta labaran rana a wani gidan rediyo a garin nan, muryarta ta shiga kowane lungu, amma ko takarda ɗaya mai ɗauke da sunanta babu a gidan. Ranar da ta nemi hutun aure aka ce mata ai dama ba ma'aikaciya ba ce, taimako take yi. Alhali dokar ƙwadago ta Ghana, Doka ta 651 ta shekarar 2003, ba ta bar wannan a duhu ba. Sashe na 12 ya wajabta kwantiragi a rubuce ga duk aikin da ya kai wata shida. Sashe na 13 ya ba mai gida wata biyu kacal ya miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a takarda. Sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mai gida ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Sashe na 9 kuwa ya lissafa horar da ma'aikaci cikin wajiban mai gida, ba cikin kyautatawarsa ba. Dokar fansho ta 2008 ta ce mai gida ya zuba kashi 13 cikin ɗari, a cire kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci. Mafi ƙarancin lada na rana a 2025 sidi 19.97 ne. Je ka tambayi matasan da ke aiki a Zango, su nawa ne ke da lambar SSNIT da ake zuba wa kuɗi?

Wanda ba a biya ba kuwa zai biya kansa. A wasu gidajen ma ƙiri-ƙiri ake gaya wa sabon shiga: "Ga awa ɗaya mun ba ka, je ka nemo mai ɗaukar nauyi, a ba ka kaso." Wato an ɗauke shi aikin jarida, an tura shi bara. Darasin farko da zai koya daga manyansa shi ne soli, 'yar ambulan ɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Daga soli sai ɗan siyasar da zai saya masa waya, daga nan shirinsa ya zama na wancan. Bayan shekara biyu mu ne za mu zauna a majalisa muna cewa 'yan jaridar yanzu ba su da mutunci. Wa ya yi masa tarbiyyar? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun tanƙwara shi ta inda muka ga dama.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mu ba baƙin karɓar baƙo ba ne. Zango kansa ma'anarsa ke nan, masaukin matafiya. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, waɗanda da yawansu suka gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, suna da tsari. Ayari na da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya. Baƙo in ya sauka yana da mai gida, wanda zai ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wa ake ba bashi wa ba a ba, ya tsaya masa in rigima ta taso. Yaron gida yakan yi shekaru yana bin ubangidansa kasuwa kafin a bar shi ya yanke ciniki shi kaɗai, kuma ƙarshenta a yi masa aure a ba shi jari. Ba sai mun koma tarihi ba ma. Je ka Suame Magazine yau. Uba ne zai kai ɗansa wurin masta, a zauna gaban shaidu, a faɗi shekarun da zai yi. Yaron zai fara da wanke kayan aiki da miƙa sifana, ya daɗe kafin a bar shi ya buɗe inji. Tela ba ta ba sabuwar yarinya leshin amarya ta yanka. A takardar buhun siminti take fara koyo. Malamin allo ba ya ba ƙolo tawada da alƙalami ranar da aka kawo shi ya ce rubuta abin da ka ga dama. Ban ce tsarin nan ba shi da nasa zalunci ba, akwai mastocin da ke bautar da yara. Amma ko a mafi muninsa, yaro ya san wane ne malaminsa, ya san matakin da yake, ya san akwai ranar yaye.

Masu gidan yau sun ɗauki rabin da ya yi musu daɗi daga kowane ɓangare. In ka tambayi kwantiragi, sai a ce, "Haba, ai kai ɗa ne a gidan nan, tsakanin uba da ɗa har sai an yi takarda?" In matarka ta haihu ka zo neman abin da ɗa ke nema wurin uba, sai a ce, "Kamfani ne fa, ba gidan sadaka ba." Yaro ya rasa inuwar ubangida irin ta da, ya rasa kariyar doka irin ta yanzu. Ba tsuntsu ba tarko.

Aikin rediyo a ƙasar nan ma ba da ka aka fara shi ba. Tun 1935 aka buɗe tashar ZOY a Accra, wadda ta zama GBC, kuma Hausa ta daɗe cikin harsunan da take watsa shirye-shirye da su. Nkrumah ya kafa makarantar koyon aikin jarida a 1959 domin ya san ba a haihuwar mutum da sana'ar. Kundin tsarin mulki na 1992 ya buɗe fage, Joy FM ta fara a 1995, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa kamar naman kaza. Alheri ne, domin shi ya sa yau tsohuwa a Sabon Zango ke jin labarin majalisa da harshenta. Sai dai eriya ta yi yawa, malamai ba su ƙaru ba.

Gwamnati ma ba ta ba da misali mai kyau ba. Ranar 1 ga Mayun 2018, a nan Kumasi, Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da NABCO: matasa 100,000 masu takardun manyan makarantu, alawus sidi 700 a wata, shekara uku, da sunan koyon aiki. Kafin a rufe shirin a 2022, abin da ya fi fitowa a labarai shi ne zanga-zangar matasan kan bashin alawus na watanni. In uwa ta yi haka, me za a ce wa ɗan kasuwa?

Na san amsar masu gida, na sha jin ta. Ta farko, babu kuɗi: ga wutar lantarki, ga man janareta, ga kuɗin lasisi, talla kuma ta yi ƙaranci. Ban musa ba. Amma nawa ake kashewa a zagaya da yaro a nuna masa ɗakuna? Nawa ne kuɗin takarda shafi biyu da aka rubuta abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa a iska? Nawa za a kashe in an ce ya zauna kusa da tsohon hannu mako huɗu, ya yi ta ɗaukar shirin gwaji ana saurare ana gyara masa, kafin a kunna masa jan fitila? Mai gidan da ke kiran makaniki duk wata ya duba janareta, ya san amfanin kula da abin da ke kawo masa kuɗi. Ya dai ɗauka janareta ta fi mutum tsada ne, domin mutum in ya lalace akwai goma a bakin ƙofa. In kuwa da gaske ba ka da abin biyan ma'aikata goma sha biyar, ɗauki biyar ka biya su.

Amsa ta biyu: "In na horar da shi, babbar tasha za ta ɗauke shi." Wataƙila. Amma wanda ba ka horar ba da ya zauna, shi ne ke kan iskarka kowace safiya da sunan tasharka. Kuma waɗanda na ga sun tafi, ba ilimi ne ya yi musu yawa ba. Wulaƙanci ne ya ishe su.

Mu tsofaffin hannu ma akwai magana a kanmu. A gidaje da yawa, babba na ɓoye wa ƙarami lambobin wayar manyan gari kamar asirin tsafi, yana jin daɗi in yaro ya yi tuntuɓe a iska domin a ce babu kamarsa. Laifin babba rowa, kuma babu rowar da ta kai ta sani. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ghana, wadda ke nan tun 1949, da Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai suna da ƙa'idojin aiki a rubuce, amma da Turanci. Me ya hana mu masu aiki da Hausa a Kumasi mu zauna mu mayar da su harshenmu, mu tsayar da kalma ɗaya ga kowane mataki na shari'a da kowane muƙamin gwamnati, mu buga ɗan littafi a miƙa wa duk sabon shiga?

Su ma matasan, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai wanda burinsa kawai a ji muryarsa, ya ɗauki hoto da makirufo ya sa a Facebook, ko kyauta ne zai yi. Irinsa ne ke karya farashin kowa. Amma ɗan shekara ashirin da biyu da ya gaji da zaman gida ba shi ne mai ƙarfi a wannan cinikin ba, kuma ba a raba laifi daidai tsakanin mai wuƙa da nama.

Iyayenmu masu zuwa roƙon aiki, ku ne za ku iya abin da yaro ba zai iya ba. Baba, ranar da ka kai ɗanka wurin Alhaji, bayan gaisuwa da godiya, yi abin da kake yi in Suame ka kai shi. Tambayi wanda zai koya masa aikin, da sunansa. Tambayi ranar da gwajin zai ƙare. Tambayi nawa za a ba shi, kuma ka ce a rubuta. Yaro in ya yi waɗannan tambayoyin za a ce ba shi da kunya, amma kai sa'an Alhaji ne, tare kuke sahun gaba a Babban Masallaci. In ya ce maka tsakaninku babu takarda, tuna masa cewa ranar da ya sayi filin da ya kafa eriyarsa a kai, bai bar wurin ba sai da aka sa hannu.